Tambayoyi da Amsoshi Kan Laccoci da Tarurrukan Nazarin Manufofin Gwamnati a Jami'a

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da ɗalibai, ma'aikatan gwamnati, 'yan jarida, 'yan kasuwa da wakilan ƙungiyoyin unguwanni suke yawan tambaya a birnin Kano duk lokacin da aka sanar da wata lacca ko taron masana a kan harkokin mulki. An fara da na farko-farko, sannan aka gangara zuwa masu zurfi.

1. Mece ce makarantar nazarin manufofin gwamnati, kuma me ya sa take shirya laccoci?

Makaranta ce ko cibiya a cikin jami'a wadda aikinta shi ne nazarin yadda hukuma take yanke shawara a kan al'amuran jama'a, da yadda take aiwatar da shawarar, da kuma abin da shawarar ta haifar bayan an ɗauki lokaci. Saboda haka takan haɗa masana tattalin arziki da na kimiyyar siyasa da na shari'a da na ƙididdiga a wuri guda. Idan aka ɗauki janye tallafin man fetur da aka sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, masanin tattalin arziki zai bi sawun kuɗin da aka daina kashewa ya ga inda suka nufa, masanin shari'a zai duba hurumin da aka dogara da shi, mai nazarin zamantakewa kuma zai tambayi halin da mai adaidaita sahu da fasinjansa suka shiga. Daga cikin sanannun makarantu irin wannan akwai ta Kennedy da ke Jami'ar Harvard a Amurka, wadda asalinta ya koma 1936, da ta Blavatnik a Jami'ar Oxford ta Ingila, wadda aka kafa a 2010. A Najeriya akwai Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki ta Ƙasa da ke Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, duk da cewa ita ba a ƙarƙashin wata jami'a take ba.

Dalilin laccocin kuwa shi ne, manufa ba ta koyuwa daga littafi kaɗai. Sai an zaunar da wanda ya tsara ta, da wanda ya bincike ta, da wanda ta faɗa a kansa, a zaure ɗaya, kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa.

2. A nan Kano, ina ake yin irin waɗannan tarurruka?

Mafi yawansu a Jami'ar Bayero ake yin su, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, kuma aikin a rarrabe yake tsakanin sassa da cibiyoyi: Sashen Kimiyyar Siyasa, Sashen Tattalin Arziki, Tsangayar Shari'a, Makarantar Kasuwanci ta Dangote, da cibiyar da ke binciken noma a yankunan da ke fama da ƙarancin ruwan sama. Jami'ar tana da mazauni biyu, tsohuwar jami'a da sabuwa. A tsohuwar jami'a akwai ɗakin taro na Mahmud Tukur, wanda aka sa wa sunan shugaban jami'ar na farko, a sabuwar jami'a da ke kan hanyar Gwarzo kuma akwai zauren Musa Abdullahi. Yana da kyau mutum ya tabbatar da wace jami'ar ake nufi kafin ya fito daga gida, domin akwai tazara mai yawa tsakaninsu, kuma wanda ya sauka a inda ba nan ba ne zai iya rasa rabin laccar a kan hanya.

Wurin da ya fi kusa da jama'ar gari shi ne Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wato gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. Gidan yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero, kuma Farfesa Attahiru Jega ya taɓa shugabantar ta kafin ya zama shugaban jami'ar a 2005, daga baya kuma shugaban hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. A nan ne ake laccar tunawa da Malam a watan Afrilu, kuma zauren Sa'adu Zungur da ke cikin gidan yana karɓar tarurruka masu yawa a kan zaɓe, mulki da ƙananan hukumomi. Ga wanda bai taɓa halartar taron masana ba, a ganina nan ne ya fi dacewa ya fara, saboda gidan a tsakiyar unguwa yake, kuma tun asali gida ne da talaka ya saba shiga ya faɗi albarkacin bakinsa.

3. Ni ba ɗalibi ba ne, ba kuma malami ba. An yarda in shiga? Ana biyan kuɗi?

Duk laccar da aka kira ta jama'a, kowa yana da damar shiga, namiji ko mace, kuma ba a biyan ko sisi. Inda ake neman rajista da kuɗi shi ne babban taron masana na kwana biyu ko uku, da taron bita wanda ake raba kayan aiki da abinci, sai kuma zaman da aka keɓe wa waɗanda aka gayyata kawai, wanda za a ga bayaninsa a amsa ta 9. Riƙe katin shaida yana da amfani domin masu gadi a ƙofar jami'a suna iya tambaya.

4. Mene ne bambanci tsakanin lacca, taron ƙara wa juna sani, bita da laccar shimfiɗa buzu?

A lacca mutum ɗaya ne yake magana na kusan awa guda a kan batu ɗaya, sannan a karɓi 'yan tambayoyi. Taron ƙara wa juna sani ƙarami ne, galibi na sashe, inda malami ko ɗalibin digiri na biyu ko na uku yake gabatar da binciken da bai kammala ba domin abokan aikinsa su tsefe shi. Wanda ya shiga irin wannan zama a karon farko yakan yi mamakin zafin sukar da ake yi, alhali manufarsa ke nan, kuma mai gabatarwa ya zo ne domin a nuna masa inda hujjarsa take da rauni kafin ya wallafa. Bita kuwa horo ce ta aiki, kamar a koya wa ma'aikatan ƙaramar hukuma yadda ake tsara kasafin kuɗi, ko a koya wa 'yan jarida yadda ake karanta shi.

Laccar shimfiɗa buzu ita ce wadda farfesa yake gabatarwa sau ɗaya domin ya bayyana wa jami'a da jama'a abin da ya shafe shekaru yana bincike a kai. Biki ce mai tsari, malamai suna shigowa cikin rigunansu na ilimi, shugaban jami'a ne yake jagoranta, kuma a al'adar jami'o'i ba a yin tambayoyi a cikinta. Akan buga ta a ɗan littafi a raba wa mahalarta, kuma wannan ɗan littafin abin adanawa ne, domin sau da yawa shi ne taƙaitaccen bayani mafi sauƙin fahimta a kan aikin malamin gaba ɗaya.

5. Ta yaya zan san ranar da za a yi?

Ana sanarwa a allunan sanarwa na sassa, da shafukan jami'a da na cibiyoyin a intanet da Facebook, wani lokaci kuma a gidajen rediyon Kano. Hanyar da ta fi inganci ita ce mutum ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a takardar mahalarta a zuwansa na farko, domin daga ita ake ɗibar sunayen waɗanda za a aika wa gayyata a gaba. A tuna cewa tarurruka suna raguwa a lokacin jarrabawa da hutun zango da watan azumi.

6. Turancina ba shi da ƙarfi. Zan amfana kuwa?

Yawancin maƙalu da Turanci ake gabatar da su, kuma babu amfanin ɓoye cewa wannan yana hana mutane da yawa zuwa. Sai dai a Kano mafi yawan masu magana Hausawa ne ko masu jin Hausa, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya nemi izinin shugaban taro ya yi tambayarsa da Hausa. Galibi akan amince, wani ya fassara wa baƙon da ba ya ji. Bayan an tashi ma, mai maƙala yakan tsaya a bakin zaure, kuma bayanin minti biyar da zai yi da Hausa a tsaye yakan warware abin da ya ɗaure wa mutum kai a cikin awa guda.

Ra'ayina shi ne masu shirya tarurrukan su mayar da taƙaita maƙala da Hausa wani sashe na tsarin taro, a shafi ɗaya da za a raba a ƙofa. Lacca a kan harajin kasuwa da 'yan kasuwar Kwari da na kasuwar Singa ba su fahimci abin da aka faɗa a cikinta ba, ta rasa mutanen da suka fi kowa sanin inda harajin yake ciwo.

7. Yaya taron yake gudana, kuma mene ne aikin mai ta'aliƙi?

Akan buɗe da addu'a da taken ƙasa, a gabatar da manyan baƙi, shugaban taro ya yi ɗan jawabi, a karanta tarihin mai maƙala, sannan a ba shi dama. Idan ya gama, sai mai ta'aliƙi ɗaya ko biyu su tashi. Mai ta'aliƙi masani ne da aka ba shi maƙalar tun kafin ranar domin ya karanta ta a tsanake, ya faɗi inda ta yi ƙarfi, da inda hujja ba ta kai girman da'awa ba, da abin da aka tsallake. Mai sauraro ya kasa kunne sosai a wannan gaɓa, domin a nan ne yake gane cewa abin da ya ji kamar gaskiya ce tsantsa yana da wata fuska. Bayan ta'aliƙi ne ake buɗe fili ga jama'a, kuma idan taron na yini ne akan tsaya domin sallar azahar da cin abinci.

Abin da yake cinye lokaci a tarurrukanmu shi ne jiran babban baƙo da doguwar gaisuwar manya, kuma kullum lokacin tambayoyi ne yake biyan bashin. Wannan asara ce ta gaske, domin maƙala ana iya karanta ta a gida, amma damar yi wa mai ita tambaya ido da ido ba ta samuwa sai a zauren.

8. Ta yaya zan yi tambayar da za a amsa mini da gaske, ko da ta saɓa wa ra'ayin farfesa ko kwamishina?

A rubuta tambayar a takarda tun ana cikin lacca, a taƙaita ta zuwa jimla biyu ko uku. Idan aka ba mutum lasifika, ya yi sallama, ya gaida shugaban taro a madadin kowa, ya faɗi sunansa da inda ya fito, ya shiga magana. Jero sunayen duk waɗanda ke kan babban teburi da muƙamansu ba ya ƙara ladabi, lokacin wani mai tambaya kawai yake ci. Haka nan wanda ya tashi ya yi tasa laccar ta minti goma, a ƙarshe ya ce ba tambaya ba ce gudummawa ce, ya ba mai maƙala damar ya yi godiya ya wuce ba tare da ya amsa komai ba.

Tambayar da take samun amsa ita ce wadda ta kama wani abu takamaimai. Idan ana magana a kan ilimin firamare, faɗin cewa gwamnati ta yi watsi da ilimi ba zai jawo komai ba sai amsa irin ta kullum. Amma mutum yana iya cewa: «Ranka ya daɗe, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sharɗanta cewa sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi tallafin tarayya. A shekarun da bincikenka ya duba, an ajiye kason a kan lokaci, kuma nawa ne daga ciki ya tafi ga gina azuzuwa, nawa ga horar da malamai?» Mai irin wannan tambaya ya nuna ya san dokar, ya kuma bar wa wanda ake tambaya hanya biyu kawai: ya kawo adadi, ko ya ce ba shi da shi, kuma kowace daga cikinsu ilimi ce ga zauren. Yadda ake samun irin wannan bayani kafin taro yana amsa ta 10.

Saɓa wa babba a zauren ilimi ba rashin kunya ba ne matuƙar hujja ake ƙalubalanta, ba mutuncin mai ita ba. Ana iya cewa «Allah ya gafarta Malam, abin da muke gani a unguwarmu ya bambanta da wannan», sannan a faɗi abin da aka gani, da wuri da lokaci. Malamin kirki yana murna da irin wannan, domin mai sayar da ruwa a kura ya san farashin jarka a Dorayi fiye da duk wanda ya karanta shi a rahoto. Ina kuma roƙon shugabannin taro su riƙa duba ɓangaren da mata suke zaune idan za su zaɓi masu tambaya, domin sau da yawa hannayensu suna sama amma lasifika ba ta ƙarasawa can.

9. Zan iya ɗaukar hoto, ko naɗar murya, ko in wallafa abin da aka faɗa?

A laccar jama'a babu laifi, sai idan shugaban taro ya hana, kuma ɗan jarida ya gabatar da kansa ga masu shiryawa tun da farko. A taron ƙara wa juna sani kuwa, kamar yadda aka bayyana a amsa ta 4, binciken bai kammala ba, saboda haka ɗaukar hoton alƙaluman wani a watsa su ba da izininsa ba cin amana ne, kuma yana iya yaɗa adadin da mai shi zai gyara gobe.

Akwai kuma zaman da ake cewa yana ƙarƙashin ƙa'idar Chatham House, wadda wata cibiyar nazarin harkokin duniya da ke Landan ta shimfiɗa a 1927. Ma'anarta ita ce mahalarci yana da 'yancin amfani da bayanin da ya ji, amma ba zai bayyana sunan wanda ya faɗa ko ma'aikatar da ya fito ba, haka ma sauran mahalarta. Ana yin haka ne domin babban sakatare ko jami'in tsaro ya iya faɗin abin da ba zai faɗa a gaban kyamara ba. Wanda ya karya ƙa'idar ya jawo wa jami'in matsala a wurin aikinsa, kuma ya sa na gaba ba zai buɗe baki ba.

10. Wane shiri ya kamata in yi kafin in je?

A nemi taken laccar, a karanta dokar ko takardar manufar da ta shafe shi, ko da sassan farko ne. Idan batun ya taɓa kuɗi, a duba kasafin shekarar, a rarrabe tsakanin kuɗin ayyukan yau da kullum, kamar albashi, da na manyan ayyuka, kamar hanyoyi da asibitoci. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bambanci tsakanin abin da aka ware da abin da aka saki, domin adadin da aka karanta a gaban majalisa alkawari ne, rahoton aiwatar da kasafi na wata uku-uku da jihohi suke wallafawa shi ne yake nuna abin da ya fita daga baitulmali.

11. Ta yaya zan bambance sakamakon bincike da ra'ayin mai magana?

A saurari inda adadi ya fito, da shekarar da aka tattara shi, da abin da yake aunawa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ita ce ta 2006, saboda haka duk adadin mutanen Kano ko na wata ƙaramar hukuma daga cikin 44 da jihar take da su da za a ji a yau ƙiyasi ne, kuma duk lissafin da aka ɗora a kansa, kamar yawan yara a kan kowane malami, ya gaji wannan raunin. Haka kuma rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci, ya auna rashin abubuwa da dama ne a haɗe, kamar lafiya, ilimi, ruwa, makamashin girki da aikin yi. Wanda ya kawo shi a matsayin adadin masu ƙarancin kuɗin shiga ya sauya ma'anarsa, ko da bai yi nufin haka ba.

Yana da kyau kuma a lura da wanda ya ɗauki nauyin taron ko binciken, ma'aikata ce, ko kamfani, ko ƙungiyar ba da tallafi daga waje. Wannan ba ya ɓata sakamakon, amma yana iya bayyana dalilin da ya sa aka yi wata tambaya aka bar wata. Mai bincike na gari yakan faɗi iyakar aikinsa da bakinsa, ya ce a ƙananan hukumomi kaza kawai ya yi, ko mutum kaza ya tambaya, kuma ni na fi amincewa da mai faɗin haka a kan wanda yake magana kamar ya zagaye Arewa gida-gida.

12. Shin waɗannan tarurruka suna canza wani abu, ko magana ce kawai?

Lacca ɗaya ba ta sauya doka, kuma takardun bayan taro da yawa suna ƙarewa ne a cikin fayil. Tasirin yana zuwa ta hanyoyin da ba a gani nan take: daraktan da ya ji hujja ya saka ta cikin takardar da zai rubuta wa kwamishina, ɗan jaridar da ya ɗauki batun zuwa shirin rediyo, ɗalibin da bayan shekara goma shi ne yake tsara kasafin wata ma'aikata.

Mahalarci kuma yana da abin yi da kansa. Ya nemi kwafin takardar bayan taro, ya duba ko shawarwarin sun ambaci hukumar da za ta aiwatar da lokacin da za a yi, domin shawarar da ta ce «gwamnati ta inganta» ba ta ɗora wa kowa nauyi ba. Idan majalisar dokokin jiha ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a kan wani ƙudurin doka ko kasafi, ƙungiyar unguwa tana iya miƙa takarda ta dogara da abin da aka gabatar a laccar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta ba kowa damar rubuta wa hukuma ya nemi takardu, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa, kuma adadin da aka kasa bayarwa a zaure, kamar wanda aka yi misali da shi a amsa ta 8, ana iya bin sa ta wannan hanya.

13. Ana ba da takardar shaidar halarta?

A bita da babban taro mai rajista ana bayarwa, a laccar jama'a kuwa ba a saba ba. Ma'aikacin da yake buƙatarta domin fayil ɗinsa ya tambaya kafin ya biya kuɗin rajista.

14. Ni ɗalibi ne, ina son in gabatar da maƙala. Daga ina zan fara?

A fara da taron ƙara wa juna sani na sashe, bayan an nuna wa malamin da yake duba aikin. Idan aka ga sanarwar neman maƙalu ta babban taro, a aika da tsakure wanda bai wuce adadin kalmomin da aka ƙayyade ba, ya ƙunshi tambayar binciken, da yadda aka tattara bayanai, da abin da aka gano. A zaɓi batu ƙarami da za a iya riƙewa: yadda ake karɓar kuɗin shara a unguwanni biyu, ko yadda dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamna, take aiki wajen neman takardar fili a gefen birni, ya fi maƙala a kan matsalolin mulki a Afirka baki ɗaya.

A ranar gabatarwa akan ba mutum minti 10 zuwa 15, saboda haka kada a ɓata rabinsu wajen bayanin ma'anar kalmomi da tarihin batu. A je ga sakamako da wuri, a gwada karantawa da agogo a gida, a zo da kwafi a takarda ko da wuta za ta ɗauke. Duk gyaran da mai ta'aliƙi ya yi a rubuta shi nan take, har wanda ba a yarda da shi ba, sannan a same shi bayan an tashi a nemi ya nuna littafi ko rahoton da ya dogara da shi.